Firintar Yaya a Kan Intanet ɗin Auta

Yayanmu mai hoto ne. Mu uku mahaifiyarmu ta haifa: shi ne babba, ni ce ta tsakiya, sai ƙaninmu da har yau muke kira Auta duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ni kuma tun da na fara aikin asibiti suka laƙaba mini Nas. A layin da shagonsu yake ba mai kiran Yaya da sunansa, Mai Hoto kowa ke cewa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Tun yana saurayi ya koyi sana'ar, zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, a tsoma takarda cikin ruwan magani a jira fuska ta fito a hankali. Ina tuna yatsunsa kullum da warin maganin nan, mahaifiyarmu tana korarsa ya sake wanke hannu kafin ya zauna cin abinci. Dogo ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa, rigarsa ba ta yamutsewa ko da zai yini a tsaye. Kuma yana da hannu a aikin. Idan ya ce maka, “Ɗan ɗago haɓa, bar murmushin dolen nan,” ya danna, sai ka ga kanka ka fi yadda madubi ke nuna maka. Rabin hotunan da ke rataye a falukan unguwarmu shi ya ɗauke su. Aibinsa ɗaya ne, shi ma ya san da shi: bai iya cewa a taimake shi ba. Ya gwammace ya ja kabad shi kaɗai bayansa ya riƙe, da ya leƙa waje ya ce wani ya kama masa.

Shagon na mahaifinmu ne, dogon ɗaki mai ƙofa biyu, a da fenti da burushi yake sayarwa a ciki. Da ya rasu aka raba shi da katako, Yaya ya ɗauki hagu, Auta ya ɗauki dama. Katakon bai kai rufi ba, an bar sarari a sama saboda fanka ɗaya ce a tsakiya take yi wa kowa aiki. Idan aka yi atishawa a wancan ɓangaren, na wannan ɓangaren zai iya cewa sannu.

Auta ofishin aika kaya ya buɗe. A kawo ƙunshi, a ɗora a sikeli, a shigar da bayaninsa a kwamfuta, a liƙa masa lamba, mota ta zo ta kwashe. Matarsa ce ke zama a kan kwamfutar. Amarya muke ce mata tun shigowarta cikinmu, sunan ya bi ta har manyan 'ya'yanta sun fi ta tsawo. Ita ta fara koyon kwamfuta kafin mijinta, ita ta san kowane direba da kowane mai kawo kaya. Aikin nasu duk a kan intanet yake, in ya ɗauke to sai dai a zauna ana kallon juna.

Yaya kuwa wayoyi suka zo suka cinye masa kasuwa. Abin da ya rage masa shi ne hoton fasfo, da na katin aiki, da gyaran tsofaffin hotuna da suka yage ko suka koɗe. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma mun ga yadda yake daɗewa yana goge kyamarar da ba ta yi ƙura ba.

A gidana aka yi saɓanin. Dangi sun taru ana hira bayan cin abinci, sai Auta, wanda bakinsa ba linzami amma zuciyarsa fara ce, ya ce cikin raha, “Yaya, ka rataye kyamarar nan haka nan. A cire katakon, ka dawo ka riƙe mini sikeli. Hoto ai ya mutu, yanzu kowa mai hoto ne.”

Aka yi dariya, har da surukai. Yaya bai yi ba. Ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, “Ni zan riƙe maka sikeli? Ni da na goya ka? To ka ji da kyau, daga yau ko ashana ba zan sake nema a wurinka ba.” Ya saka takalmansa ya fita.

Auta ya bi shi ya ba shi haƙuri, Yaya ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ake faɗa ana rufe ƙofa. Daga nan gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye. Har fanka ya sayo tasa ta ƙasa, wai kada a ce iskar Auta yake sha, alhali ta saman ta mahaifinmu ce. Kuma bai yi abin a ɓoye ba. Mai shayin bakin layi da telan da ke kallon shagonsa duk sun sha jin Yaya yana cewa shi bai jingina da kowa ba, balle wanda shi ya koya wa ɗaure igiyar takalmi.

Abin da ya biyo baya, wani na gani da idona, wani kuma Yaya ne ya ba ni labari da bakinsa daga baya, kaɗan-kaɗan, idonsa a ƙasa.

Yana da ɗan akwatin intanet nasa, ƙarami kamar sabulu, ta kansa masu ba shi aiki ke turo masa hotuna. Wata safiya batirin ya kumbura, abin ya ƙi kunnuwa. Yaya ya buɗe kwamfutarsa yana ganin yau ba aiki, sai ya ga saƙonni suna ta shigowa. Ashe kwamfutar ba ta manta waifai ɗin Auta ba tun lokacin da ake shiri, da ta rasa nata sai ta kama na maƙwabci.

“Ba ni na haɗa ba, ita ta haɗa kanta,” haka ya riƙa gaya wa kansa. Ya ce gobe zai sayo wani. Goben ta yi ta matsawa gaba.

Ana haka firintarsa ta hoto ta mutu. Ya samo wata babba daga wani ofis da ke rufewa, mai fitar da launi kamar a taɓa. Matsalarta ɗaya, ramin da ake soka mata waya daga kwamfuta ya karye, sai ta waifai kawai take karɓar aiki. Yaya ya tsaya a gabanta, tana tambayarsa kalmar sirri. Ya san kalmar, yana wurin ranar da aka zaɓe ta. Ya ce mini ya daɗe a tsaye kafin ya miƙa yatsa ya danna haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon dai ba zai ce ita ta haɗa kanta ba.

Firinta ta kama aiki, hotuna suka fito tas. A ɓangaren Auta kuma sai wata sabuwar cuta ta ɓullo.

“Ya sake ɗaukewa,” Yaya ya ji Amarya tana cewa ta saman katako. “Ina tsakiyar shigar da kayan mutum.”

“Kashe ki kunna mana,” in ji Auta.

“Na kashe na kunna. Wayata tana da shi, taka tana da shi, kwamfutar ce kawai ta ƙi.”

Suka kira kamfanin intanet, aka ce daga can lafiya lau. Suka canja waya, suka matsar da akwatin daga kan kabad zuwa kan tebur, suka mayar da shi. Auta ya gaji ya sayo sabon akwati, amma don kada ya wahalar da direbobi da sake shigar da komai a wayoyinsu, sai ya sa masa tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri. Kayan Yaya suka sake hawa ba tare da ya taɓa komai ba, ciwon ya dawo yadda yake. Mutane su yi layi da ƙunshinsu, a ce su ɗan jira, wasu su jira, wasu su ɗauki kayansu su tafi wani ofishin.

Da farko abin har daɗi ya yi wa Yaya. Ya ce wa mai shayi, “Ka ga masu zamani ko? Abu kaɗan ya ɗauke sai su zama gumaka.”

Sai Auta ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma mutum ɗaya ce ke zaune a gaban kwamfutar.

“Me kike taɓawa ne wai? Kafin ki fara kallon bidiyon girkin nan a kanta ba ta taɓa yin haka ba.”

“Sau ɗaya na kalla, kuma kana wurin. A gaban mutane za ka gaya mini haka?”

“To wa zan gaya wa? Ni nake zama a kanta?”

Kullum sai an yi. Wata rana har ya ce mata in abin ya fi ƙarfinta ta koma gida, ya ɗauko wanda ya san aiki. Amarya ta miƙe. Yaya ya ji ƙarar kujerarta, ya ji ta fita, ya ga wucewarta ta gaban ƙofarsa tana gyara mayafi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan fuskarta.

Ba a daɗe ba ya fara lura da wani abu. Duk sanda ya sami aiki ya kunna firinta, kafin hoton farko ya gama fitowa sai a yi tsaki a wancan ɓangaren. Ranar da bai sami aiki ba kuwa sai su yini lafiya. Ya ƙi yarda. Wata rana da hantsi, shago ba kowa, ya je ya danna mata makunni. Ta yi gurnaninta ta farka. Ya tsaya yana saurare.

“Ga shi nan kuma,” in ji Amarya, muryarta a gajiye.

Ya kashe. Bayan ɗan jim ta ce, “Ya dawo. Kawo kayanka da sauri, malam, kafin ya canja ra'ayi.”

Yaya ya sake gwadawa don ya ƙaryata kunnensa, abin ya sake faruwa. Ya ja kujerar da yake zaunar da masu ɗaukar hoto, ya zauna a gaban farin ƙyallen da yake sa wa a bayansu, gumi yana bin bayansa ga fanka biyu suna juyawa.

Maganin abin a fili yake: ya fita ta ƙofarsa, ya shiga ta ƙofar Auta, ya buɗe baki. Ya ce mini ya tashi, ya kai bakin ƙofa, sai tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, “Mai Hoto, sarkin dogaro da kai, barka da hantsi.” Yaya ya amsa, ya yi kamar iska ya fito sha, ya koma ciki.

Sai ya shiga neman gyara a ɓoye. Ya sayo sabon ɗan akwatin intanet nasa, ya ɗora kwamfutarsa a kai, ya ɗora firintar. Kwamfuta ta sami intanet, amma ta ce ba ta ga wata firinta ba, ga ta kuwa kusa da ita kamar su yi karo. Ya shiga saitin kwamfutar, ya goge firintar, ya sake nemo ta, babu. Ya buɗe wurare masu jerin lambobi da ɗigo-ɗigo a tsakaninsu, ya canja wata, intanet ɗinsa ma ya ɗauke, da kyar ya mayar da ita yadda take. Masu gyara suna nan a layin, amma duk wanda ya kira sai ya ga sunan waifai ɗin da firintar ke kai, kuma kafin ya mayar da sukundireba cikin jaka labari ya kai wurin mai shayi. Da ya ga aiki ya taru, sai ya mayar da kayansa kan na Auta, inda suke ganin juna.

Dabarar da ta rage masa ita ce ya riƙa fakon lokaci. Ya ɗauki hoto ya ce wa mai shi ya dawo anjima, ya jira sai ya ji Amarya ta tashi cin abinci, sannan ya kunna ya buga da sauri ya kashe. Amma mai neman hoton fasfo ba ya son anjima. Idan mutum ya matsa, sai Yaya ya kunna, ya juya wa katakon baya, ya ƙara muryar rediyo. Matarsa ta kira ni ta ce, “Nas, ki zo ki duba yayanki. Abinci sai ya jujjuya cokali ya tashi, in na tambaya ya ce zafi ne.” Na auna jininsa, na ce ya rage tunani. Ya ce wane tunani.

Ranar da abin ya fashe ina wurin, kuma ni ce na sa ya kunna ta. An ce mu sabunta katin aiki, na sato jiki daga asibiti na zo ya ɗauke ni. Ya ɗauka, ya ce in dawo da yamma.

“Haba Yaya, da yamma kuma? Yanzu ake karɓa. Ga injin nan a gabanka.”

Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya juya ya kunna. A shagon akwai wata tsohuwa da ta kawo hoton mijinta a gyara mata, ga tela da ya shigo aron almakashi ya tsaya hira. Hotunana suka fito, Yaya ya ɗauki almakashinsa ya fara yankawa.

Ashe a ranar kamfanin aika kayan ya turo wa Auta mai gyara. Mutum ne mai jiki, mai murya kamar malamin aji, ba sai ka kasa kunne ba.

“Yawwa, ga shi ya ɗauke a gabana, haka nake so,” muka ji yana cewa. “Ai kwamfutar ta faɗi ciwonta, ga shi ta rubuta a ƙasa: wata na'ura tana amfani da lambarta. Maigida, duk abin da ya hau akwatin nan sai ya sami lamba, kamar lambar gida. To gida biyu ne suka ɗauki lamba ɗaya, mai kawo saƙo ya rasa ƙofar da zai buga. Uwargida ba ta ɓata komai ba.”

“Wace na'ura ce?” in ji Auta.

“Bari in duba da tawa kwamfutar. Ga wayoyi, ga taku, ga wata kwamfutar daban. Sai firinta. Babba ce, ta hoto.”

“Tamu ƙarama ce ta buga lamba, kuma da waya take haɗe.”

“To wannan ba taku ba ce. Amma ba ta yi nisa ba. Ku kashe taku tukuna, in tura mata shafin gwaji. In tana kusa za mu ji kukanta.”

Na dubi Yaya. Almakashin ya tsaya a tsakiyar hotona. Firintar tana gefensa, in ya miƙa hannu zai kai ga makunninta. Bai miƙa ba. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce, “Na yi niyya. Hannun ne ya ƙi. Ina jin na gaji ne, Nas.”

Firinta ta yi ƙyas, ta yi gurnani, ta ja takarda. Ban taɓa sanin tana da ƙara haka ba. A hankali ta riƙa turo shafin, layin ja, layin shuɗi, layin ruwan ɗorawa. Tela ya dubi firintar, ya dubi katako, ya dubi Yaya, bakinsa a buɗe. Tsohuwar ce kawai ba ta gane ba, ta ce, “Hotona ne ya fito?”

Sai ga Auta a bakin ƙofa, mai gyara a bayansa, Amarya daga gefe. Auta ya ga takardar, ya ga fuskar yayansa, ya ga tela. Sai ya dafe goshi ya yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba.

“Af! Kai, ni da mantuwa. Ai ni na ce Yaya ya ɗora ta a kan namu tun tuni. Laifina ne, malam, na sha'afa.”

Mai gyara ya ce, “To ai shi ke nan, abu mai sauƙi.”

Amarya ta juya ta kalli mijinta, kallo mai tsawo. Ta san ƙarya yake yi, ni ma na sani, tela ma ya sani. Sannan ta juyo wurin Yaya. Ba ta ɗaga murya ba.

“Yaya, ka san ita ce?”

Yaya ya ajiye almakashin. Ya ce, “Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Da ɗan daɗewa.”

“Kana jin abin da ake gaya mini ta saman katakon nan.”

Ba tambaya ba ce. Ta gyaɗa kai, ta koma ɓangarensu. Muka ji ta ja kujera ta zauna.

Mai gyaran ya gane ya taka wani abu, sai ya sunkuyar da kai ga aikinsa. Ya ce ofishin da Yaya ya samo ta ne suka kafe wa firintar lamba ta dindindin, shi ya sa take faɗa da kwamfutar Amarya, shi ya sa kuma ta ƙi zama a kan sabon akwatin Yaya, don can jerin lambobinsa daban ne. Ya shiga saitinta ya sake ta, ta riƙa karɓar duk lambar da aka ba ta. Aikin bai kai a sha kofin shayi ba.

“A bar ta a kan na maƙwabci, ko akwai naku?” ya tambaya.

“Bar ta kawai,” in ji Auta.

Yaya ya jawo aljihun tebur, ya fito da ɗan akwatinsa ya ajiye a gaban mutumin. “Mayar da ita nan. Da kwamfutar duka. Ka goge wancan, kada ta sake tunawa.”

Ya ƙarasa yanka mini hotuna, ɗaya ya karkace, abin da ban taɓa gani a aikinsa ba. Ya ce wa tsohuwar ta yi haƙuri ta dawo wani lokaci. Ya miƙa wa tela almakashi ba tare da ya dube shi ba. Muna fita ya ja ƙofa ya sa kwaɗo da rana tsaka.

Ya yi kwanaki bai buɗe ba. Na je gidan na same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya baje gilasan kyamara yana gogewa. Na zauna kusa da shi.

Can ya ce, “Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce ga ɓarawon intanet, kowa ya yi dariya, a wuce wurin. Sai ya rufa mini asiri. Yaron da na ce ko ashana.” Ya ajiye gilashin. “Amma wannan ma zan iya haɗiyewa. Abin da na jawo wa Amarya ne ba na iya jure tunawa. Nas, rediyo nake ƙarawa.”

Na ce, “To sai ka je ka gaya mata, ba ni ba.”

Ya ce in raka shi. Ya saka rigarsa mafi kyau, muka tafi gidan Auta da yamma. Auta ya fito da fara'a yana cewa, “Yaya da kansa? Ai da ka aiko na zo.” Yaya ya ce ba wurinsa ya zo ba, wurin matarsa ya zo. Fara'ar ta ragu, ya shiga ya kira ta.

Amarya ta gaishe shi yadda ta saba, ta kawo ruwa, ta zauna a hannun kujera. Yaya bai taɓa ruwan ba. Ya faɗi komai daga farko, bai rage ba, har da maganar da ya yi a wurin mai shayi, har da rediyon. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Ya ce, “Ni ne babba, ni ya kamata in tsaya miki in an zalunce ki. Sai ga shi ni na haddasa, na kuma yi shiru. Ki yafe mini.”

Ta murza zoben hannunta.

“Na farko da ba ka sani ba, wannan ba laifi ba ne, Yaya. Na bayan da ka sani kuwa, zan yafe, amma ka ba ni lokaci. Ba zan ce maka ya wuce alhali yana nan ba.”

Yaya ya ce, “Kin yi gaskiya.”

Auta ya so ya sassauta zancen, ya ce, “Haba, ai Yaya ne, a bar shi haka.”

Ta juya gare shi. “Kai kuma ka bari sai sun tafi. Yayanka ka ƙirƙiro masa ƙarya kafin a ƙifta ido don kada ya ji kunya a gaban tela. Ni kuwa a gaban layin mutane ka ce in koma gida.”

Auta ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Na dubi 'yan'uwana biyu, babba da ƙarami, kowa idonsa a kan tayil, ban san wanda zan fi tausaya wa ba.

Yaya ya koma shago. Layi bai bar shi ba, dama ba zai bar shi ba. Tela in ya gan shi sai ya ɗaga waya sama ya ce, “Mai Hoto, akwai sabis a ɓangarenku?” Yaya ya ce akwai, ya wuce. Ya daina zama a wurin mai shayi, sai dai ya karɓa ya koma ciki. Shi da Auta suna magana yanzu, ba mai yawa ba, ta wuta in ta ɗauke, ta rufin da ke yoyo, ta makarantar yara. Auta ya sha fama kafin Amarya ta sake yi masa dariya, wannan kuma tsakaninsu ne.

Tsakaninta da Yaya dai gaisuwa cikakkiya ce, amma tsokanar da take yi masa a da, ta ce wai ya fi kyamararsa tsufa, ba ta dawo ba. Ya sani, bai kuma nema ba.

Kwanakin baya ina shagon sai ta shigo, za ta sabunta lasisin tuƙi. Yaya ya miƙe har yana ture kujera. Ya gyara fitila, ya gyara ƙyalle, ya ce ta ɗan karkato kafaɗa. Ya ɗauka, ya juyo mata da kyamarar ta gani.

“Ka tsufar da ni,” ta ce.

Ya sake ɗauka. Ta duba, ta ce inuwa ta faɗo mata a ido. Ya matsar da fitilar ya sake. Ta daɗe tana kallon na ukun.

“Wannan ya yi.”

Ya buga, ya yanka a tsanake, ya saka mata a 'yar ambulan. Ta karɓa ta ce sannu da aiki, ta fita. Yaya ya tsaya yana kallon ƙofar na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya ce in tashi daga kan kujerar nan, ba ta hira ba ce, akwai mai jira a waje.